Alaska: Inda Hanyar Mota Ba Ta Kai Ba

Duk baƙon da ya sauka a jihar Alaska, can arewa maso yammacin Amurka, da niyyar zagaya ta a mota, ba zai jima ba zai sake shawara. Galibin ƙauyukan jihar babu titin da ya kai gare su. Hatta Juneau, babban birnin jihar, sai ta jirgin sama ko na ruwa ake shigarsa.

Mai son nausawa ƙuryar arewa a mota hanya ɗaya ce tak a gabansa, wato hanyar Dalton, wadda aka gina a 1974 domin aikin bututun mai, aka kuma buɗe ta baki ɗaya ga jama'a a 1994. Tsawonta kilomita 666 ne, yawancinta tsakuwa. Daga Coldfoot zuwa Deadhorse, tafiyar kimanin kilomita 385, babu gidan mai ko ɗaya. Direban da mai ya yanke masa a nan cikin hunturu, sanyi na iya halaka shi kafin taimako ya iso.

Saboda haka ƙananan jiragen sama ne motocin hayar mutanen ƙauye. Su ke kai wasiƙu da abinci da marasa lafiya, wasunsu ma a kan tafki suke sauka. Amma fa idan hazo ya rufe sama, fasinja kan yi kwanaki yana zaman jira.

Da sanyi ya kankama, kogin Kuskokwim kan daskare har motoci su bi ta kansa daga garin Bethel. Karnuka kuwa, waɗanda suka ja magani zuwa Nome lokacin annobar maƙarau ta 1925, baburan ƙanƙara sun karɓe yawancin aikinsu.