Kanada: Ƙasar Da Ɗa Ba Ya Gadon Ƙaramar Bindigar Ubansa

A kasuwanninmu na bakin iyaka, daga Birnin Ƙonni da Illela har Ɗan Issa da Jibiya, kowa ya san cewa abin da mutum ya saya da guminsa nasa ne. In ya so ya sayar, in ya so ya ba ƙanensa kyauta, in ta Allah ta kasance magada su raba. To amma akwai hajar da wannan ƙa'ida ba ta hawa kanta, ita ce ƙaramar bindiga ta hannu, wadda ake kira fistol ko libarba. A yau za mu leƙa ƙasar Kanada, inda hukuma ta kai ga hana uba ya miƙa wa ɗan cikinsa irin wannan bindiga, ko da kuwa da takardunta cif-cif.

Dokar Kanada ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na farauta waɗanda ba a tsananta a kansu ba, akwai waɗanda aka taƙaita, sai kuma haramtattu. Galibin ƙananan bindigogi suna cikin kashi na biyu ne, kuma tun shekara ta 1934 ake tilasta yi musu rajista. Dokar bindigogi ta 1995 ta ƙara ɗaure igiyar. Mai neman lasisi sai ya cika shekara 18, ya yi kwas biyu na sanin kiyaye makami ya ci jarrabawa, ya kawo mutum biyu da suka san halinsa, sannan ya jira aƙalla kwana 28. Hukuma tana da damar tuntuɓar matarsa, har ma da wadda suka rabu kwanan nan, don a ji ko mai saurin hannu ne. Lasisin na shekara 5 ne, sai a sabunta.

A wancan tsari, ƴan'uwantaka ba ta rage komai. A idon doka, sayarwa da kyauta da musaya duk abu ɗaya ne, wato sauya mai bindiga. In wa zai ba ƙanensa, dole ƙanen ya mallaki nasa lasisin, su sanar da hukumar da ke ƙarƙashin ƴan sandan tarayya, babban jami'in bindigogi na lardi ya amince, a fitar da sabuwar takardar rajista da sunan ƙanen. Ɗaukarta daga wannan gida zuwa wancan ma sai da izini, ba harsashi a ciki, an sa wa kunamarta kwaɗo, an kulle ta cikin akwatin da ba a ganin cikinsa.

Rangwame ɗaya aka yi wa dangi. Bindigogin da tsawon bututunsu bai wuce milimita 105 ba suna cikin haramtattu, amma in an ƙera bindigar kafin 1946, doka ta yarda mata ko miji, ɗan'uwa, ɗa ko jika su karɓe ta. Da yawa daga cikinsu tsarabar yaƙin duniya ce da sojoji suka komo da ita gida.

Al'amarin ya juya a 2022. Ranar 30 ga watan Mayu, kwana shida bayan wani matashi ya harbe yara 19 da malamai 2 a wata makaranta a garin Uvalde na Amurka, firaministan lokacin, Justin Trudeau, ya gabatar da ƙudurin doka mai lamba C-21. A lokacin ƙananan bindigogi masu rajista a ƙasar sun haura miliyan ɗaya. Kamar yadda kowane ɗan kasuwa zai yi tsammani, da jin za a rufe ƙofa sai masu lasisi suka yi wa kantuna tsinke har kaya suka ƙare. Ranar 19 ga Agusta aka tsayar da shigo da su daga waje, ranar 21 ga Oktoba kuma aka dakatar da saye da sayarwa da kyauta tsakanin jama'a baki ɗaya. Ranar 15 ga Disamba 2023 ƙudurin ya zama cikakkiyar doka.

Wanda yake da tasa tun da farko ba a ƙwace ba. Zai ci gaba da riƙe ta, ya je filin koyon harbi da ita. Matsalar tana tasowa ne ranar da ya rasu. Mai kula da rabon gado zai iya ajiye bindigar na ɗan lokaci, amma ba zai miƙa ta ga magaji ba, ko da magajin yana da lasisi. Hanyoyin da suka rage su ne a sayar wa kanti mai izini ko gidan tarihi, a fitar da ita waje bisa ƙa'ida, a lalata ta yadda ba za ta sake tashi ba a ajiye don tunawa, ko a kai wa ƴan sanda. Mutanen da aka ware kaɗan ne: masu gadin motocin kuɗi da makamantansu da ke da izinin ɗaukar makami, sai ƴan wasan harbi irin na Olamfik da masu horar da su.

Gardama ba ta ƙare ba. Masu goyon baya suna cewa duk bindigar da ta ragu a gida, an rage sata da kisan kai da kashe mata a rikicin aure. Masu adawa, musamman jam'iyyar ƴan mazan jiya da ƙungiyoyin masu harbi, suna cewa an bar jaki ana dukan taiki, tun da mafi yawan ƙananan bindigogin da ƴan sandan Toronto suke bin sawunsu bayan aikata laifi, daga Amurka aka yi fasa-ƙwaurinsu. Iyakar ƙasashen biyu ta kusa kilomita 8,900, kuma mu da muke zaune a bakin iyaka mun san wuyar tsare irin wannan. Shi ya sa sabuwar dokar ta ɗaga hukuncin fataucin makamai daga ɗaurin shekara 10 zuwa 14.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin nesa ne kawai. A Najeriya, inda da yawanmu muke cin kasuwa kowane mako, dokar bindigogi ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai ke ba da lasisinsu. In mai lasisi ya rasu, kwana 14 doka ta ba magajinsa ya riƙe makamin, bayan nan ya zama mai laifi in bai daidaita da hukuma ba. Lasisi na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa, kuma ba ya tsallake iyaka.

Don haka duk wanda ya tarar da bindiga cikin kayan mamaci, ya nufi hukuma kafin a zauna rabo. Wanda kuma ɗan'uwa ya ba ƙunshi ya ce a kai masa hayi, ya buɗe ya gani tukuna. Ranar da ma'aikatan duwan ko jandarmomi suka zazzage buhu, wanda aka kama da kaya shi ne mai kaya.