Tamowa Ba Ta Zuwa Ita Kaɗai

Da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar a watan Yulin 2025 cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida sanadiyyar tamowa, hankalin jama'a ya tashi. Sai dai a rediyo da majalisun hira, zancen wuri ɗaya ya nufa: yunwa ce, a raba hatsi. Babu mai musun yunwa. Amma wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake kwantar da yaran nan ya san kusan kowannensu da wata cuta aka kawo shi, ko ƙyanda, ko gudawa, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon huhu.

Yaron da bai samu abinci mai gina jiki ba, garkuwar jikinsa takan yi rauni, cuta ta kama shi cikin sauƙi. Idan ta kama shi ya daina cin abinci, ɗan abin da ya shiga ma gudawa ta wanke, ya tashi ya fi da ramewa, wata cutar ta same shi a haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara 5 na da nasaba da ƙarancin abinci mai gina jiki.

Inda wannan haɗin ya fi muni, kuma aka fi yin shiru a kansa, shi ne cutar noma mai zaizaye baki. Yara 'yan shekara 2 zuwa 6 ta fi kamawa, galibi bayan yaye, sau da yawa kuma bayan ƙyanda ko maleriya ta gama raunana su. Daga dasashi take farawa. Ya kumbura, ya riƙa jini, bakin ya yi wari, yawu na dalala. Uwa ta ɗauka haƙori ne, ko a ce iska ce, a nufi mai magani. Cikin 'yan kwanaki kumatu ya kumbura, fata ta yi baƙi, ta ɓule har ana hango haƙora daga waje. Idan ba a yi magani ba, tana iya kashe tara cikin goma. Wanda ya tsira yakan rayu da muƙamuƙi a ƙage, ci da magana su zama wahala, iyaye su ɓoye shi a ɗaki don gudun idon mutane. Alhali a matakin farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftace baki da abinci mai kyau sun isa su tsayar da ita.

Turai ma ta sha fama da noma. Da abinci da tsafta suka inganta ta ɓace, ba ta sake bayyana sosai ba sai a sansanonin azaba na 'yan Nazi. Mu kuwa tun 1999 muke da asibitin yara masu noma a Sakkwato, amma sai a Disambar 2023 aka sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan.

To, me gwamnonin Arewa suke jira? Hoton rabon buhuna ya fi daɗin ɗauka, mun sani. Amma allurar ƙyanda a wata 9, da ruwan sha mai tsafta, da asibitin ƙauye mai magani a ciki, su ma aikin yaƙi da tamowa ne, kuma haƙƙi ne a wuyansu. Iyaye kuma, wallahi ƙin kai yaro rigakafi ganganci ne. Ma'aikaciyar da ke zagaya tef a damtsen yaro, ta ga ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, a koya mata ta buɗe bakinsa ta duba dasashi kafin ta miƙa wa uwar kwaɓaɓɓiyar gyaɗar tamowa.