Ranar da Wasiƙar Soja Ke Iso Ƙauye

A wani ƙauye na ƙasar Zazzau, lokacin yaƙin basasar Najeriya, ba a sa ran wasiƙa sai ranar kasuwa. Babu gidan waya a garin, saboda haka wasiƙun kan taru a garin hakimi har a sami mai keke ko direban babbar mota ya ɗauko su ya danƙa wa hedimastan firamare. Kafin la'asar kowa ya san gidan da aka yi wa takarda.

Yaƙin ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967. Sojan Najeriya da ba su wuce dubu goma ba a farko sai da suka doshi dubu 250 kafin a gama. Samarin da suka ajiye fartanya suka tafi dafo a Zariya, yawancinsu ba su taɓa riƙe biro ba. Mai ilimin allo ya rubuta da ajami, wanda ba shi da ko ɗaya ya nemi abokin da ya yi aji huɗu ya rubuta masa.

Nan ma a gida sai an nemi mai karantawa. A shimfiɗa tabarma a zaure, maigida ya yage ambulan ya miƙa wa malam ko wani ɗan makaranta, mata kuma su laɓe a bayan ƙofa suna kasa kunne. Takardar da ta bi ta bakin mutum biyu ba ta ɗaukar sirri, shi ya sa rabinta gaisuwa ce: Baba, Inna, kawu, gwaggo, har liman da mai unguwa. Matar sojan takan zo can ƙarshe, a ce a gai da mutan gida, kunya ta hana a kama suna. Sai tambayar damina, da gargaɗin kada a sayar da ɗan maraƙi, da bayanin fam biyu ko uku da aka aiko.

Labarin daga kuwa ba a cika saka shi ba. Wanda ke runduna ta ɗaya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa zai ce dai sun shiga Inugu. Na runduna ta biyu ta Murtala Muhammad ba zai ambaci jiragen ruwan da suka nutse da 'yan'uwansa wajen tsallaka Kwara zuwa Anaca a Oktoban 1967 ba, balle kisan da aka yi wa fararen hula a Asaba a wannan watan. Sauran bayani sai a Rediyon Kaduna ko Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Abin da ya fi ci wa iyaye rai shi ne kwanan watan da ke saman takarda. Ta yi makonni a hanya, ba ta shaidar komai sai cewa a ranar sojan yana da rai. In wasiƙa ta yanke, matar soja ta rasa matsayi: ba labarin rasuwa, ba damar shiga takaba.

An tsayar da yaƙi ranar 15 ga Janairu, 1970. A wasu gidajen wasiƙar ƙarshe na nan a ƙasan adaka, naɗe cikin tsohon ɗankwali.