Tafiya zuwa birnin Leh

Leh tsohon birni ne a ƙasar Indiya, cikin yankin Ladak, tsakanin manyan duwatsu. Bisansa ya kai wajen mita 3.500 daga bakin teku. Dutsen Bagzan, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar, mita 2.022 gare shi.

A da, fatake suna ratsa Leh da ulu da gishiri da shayi. Fadar sarki Sengge Namgyal mai hawa tara, ginin ƙarni na 17, tana nan bisa tudu. Tsohon masallacin Juma'a yana ƙasanta, kusa da kasuwa.

Matafiyi ya tanadi fasfo da biza. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Yuni zuwa Satumba. Da hunturu, ƙanƙara tana toshe hanyoyin mota, sai jirgin sama daga Delhi.

Babban haɗarin Leh ƙarancin iska ne. Baƙo yakan yi haki da jiri da ciwon kai. Saboda haka ya huta kwana biyu kafin ya fara yawo, ya riƙa shan ruwa da yawa. In ciwon ya tsananta, ko tari da ruɗewa suka kama shi, a kai shi wurin likita nan da nan, domin wannan cuta tana kisa.

Rana tana da ƙuna, dare kuwa sanyi. Ya riƙe hula da tabarau da rigar sanyi. Kafin ya shiga wurin ibada, ya tuɓe takalma.

Tambayoyi
1. Me ya sa baƙo yake haki a Leh?
2. Yaushe ya kamata a je?