Grits ɗin Amurkawa tsakin gidanmu ne

Idan ka ji Ba'amurke yana yabon wani abinci wai shi grits, kada sunan ya ruɗe ka, tsakin masara ne. Tsakin nan dai da ke saura a kan rariya bayan an tankaɗe garin tuwo, wanda a gidaje da yawa na New Bell yanzu kaji ake watsa wa. Ɗalibaina suna ganinsa a TikTok cikin farin kwano, man shanu na narkewa a kai, sai su ɗauka wani abin 'yan gayu ne. Su ɗin nan kuwa, ka tambaye su yaushe rabonsu da fate, sai sun yi dogon tunani.

Abincin kudancin Amurka ne, kuma Turawa ba su zo da shi ba. A wurin mutanen ƙasar na asali suka same shi, irin su ƙabilar Maskogi, waɗanda ke ɓarza masara su dafa tun kafin baƙi su sauka. Daga baya ya zama abin karin kumallon talaka, baƙi da fari. Yau jihar Jojiya har doka ta yi a 2002 ta naɗa shi dafaffen abincinta na hukuma.

Dahuwar ba wuya. Ruwa ma'auni huɗu, tsaki ma'auni ɗaya, gishiri, wuta kaɗan, a yi ta juyawa har ya yi kauri. Bai kai tuwo tauri ba, ya fi kunu kauri, da cokali ake cinsa. Wanda aka ɓarza a dutse yakan kai kusan awa ɗaya a wuta, na kwali kuma minti biyar ya isa. Ana zuba man shanu da barkono, wasu su ƙara cuku, a aje soyayyen ƙwai a gefe. Suna da tsohuwar gardama kan sa sukari, kamar dai yadda mu ke musun ko a sa wa kunun gyaɗa tsamiya ko lemon tsami. Abu guda ga ɗan'uwan da tafiya ta kai shi can: sau da yawa da naman alade ko kitsensa ake haɗa shi, don haka a tambaya kafin a kai baki.

Haɗin da ya fi suna shi ne tsaki da jatan lande, wato kirebet, abincin masunta na gaɓar Karolina ta Kudu, yankin 'yan Gula, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Yanzu manyan gidajen abinci ke sayar da shi. Abin ya ba ni dariya, domin sunan Kamaru kansa daga jatan lande ya fito: 'yan Fotugal da suka shigo bakin kogin Wuri a 1472 ne suka kira shi kogin jatan lande. Ga kirebet a Youpwé, ga masara a kowace kasuwa, sai mu tsaya muna kallon haɗin a waya.

Akwai wani sashe na labarin da bidiyo ba ya nunawa. Mutanen Meziko, inda masara ta samo asali, suna tafasa ƙwayarta da ruwan toka ko farar ƙasa kafin su niƙa. Wannan yana sakin wani sinadari mai suna niyasin da ke ɗaure a cikin masara, jiki ya samu amfaninsa. Wani nau'in grits ɗin da irin wannan masarar ake yi, amma ba duka ba. Talakawan kudancin Amurka da suka dogara da garin masara tsurarsa, ba nama, ba nono, ba wake, sun gamu da cutar felagra a farkon ƙarni na 20: fata ta ƙone inda rana ke duka, ga gudawa, ga ruɗewar hankali. Dubbai suka mutu. Likita Joseph Goldberger, daga 1914, ya nuna cewa ba ɗaukarta ake yi ba, abinci ne sila, sai a 1937 aka gano niyasin ne maganin. Shi ya sa tsakin kwali na can ake ƙara masa sinadarai a masana'anta.

A nan ne nake ganin iyayenmu sun fi su dabara. Bahaushiya ba ta kawo tsaki shi kaɗai. Fate kuwa tukunya ɗaya ce da ta haɗa kome: yakuwa, wadda maƙwabtanmu ke kira folere, alayyafo ko rama, gauta, lawashi, attaruhu, daddawa, dakakkiyar gyaɗa, wake, in da hali a jefa ƙashi ko busasshen kifi. Gyaɗar nan da waken su ke cike giɓin da masara ta bari. Ana tsokanar Zazzagawa da shan fate, to su ci gaba da sha, ba su yi asara ba. Dambu ma haka: a turara tsaki a madambaci da zogale, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da mai. Maƙwabtanmu na Duwala su ma ba su raina masara. Abin da ake kira kuskus a nan tuwon masara ne, mutanen Bamenda na cin nasu da njama-njama, kuma kokon da ake sha da fanke da wake kowace safiya a bakin titi ai masara ce.

To me ya raba mu da tsaki? Shinkafa, da farko. Muna zaune a bakin tashar jiragen ruwan da ake sauke ta Tailan da Indiya, kuma bayan tarzomar tsadar rayuwa ta Fabrairun 2008 gwamnati ta ɗage mata kuɗin kwastan. Ba ta son surfe, ba ta son tankaɗe. Matar da ke ɗakin haya a Kartiye Hausa, tsakar gida ɗaya da iyalai biyar, ina za ta kafa turmi, ina za ta baza tabarmar shanya? Ban ga laifinta ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rainin, a ce fate abincin ƙauye ne ko na mara lafiya, yaro ya ji kunyar a ga kwanon a gidansu. Masarar nan daga Fumbot da Adamawa da Garwa take zuwa, kuɗinta a hannun manomanmu yake tsayawa.

Sai dai Duwala ba Garwa ba ce. Ruwan Yuli da Agusta kan hana shanya bushewa, kuma masarar da ta sha danshi tana yin funfuna. Wata funfunar na fitar da guba mai lahanta hanta, wadda tafasa ba ta kashewa. Don haka a Marshe Santaral ko Nkololun, ɗebi masarar a hannu ka shinshina, in ka ji warin ruma ko ka ga ƙwayoyi masu kore ko baƙi, wuce gaba, komai arharta. A sayi daidai na 'yan kwanaki. A wurin mai inji a ce masa surfe da ɓarza ake so, don in ba a faɗa ba gari zai niƙo. A tankaɗe, garin ya tafi tuwon dare, tsakin a wanke shi a rege har dusar ta taso. Idan ruwan miya ya tafasa, a zuba shi kaɗan-kaɗan ana juyawa don kada ya yi gudaji. Ganye kuwa sai tsakin ya nuna ake sa shi, yakuwa tukuna, alayyafo daga baya.