Karen Turke da Karen Dawa

A ƙarshen daminar da ta wuce, karen maƙwabcinmu a Tambuwal ya tsinke sarƙa ya ciji ɗan ƙanwata a ƙauri. Yaro ne ɗan shekara bakwai, kuma bai jefe shi ba, bai tsokane shi ba. Tuwo aka aike shi ya kai. Muka wanke ciwon da ruwa da sabulu, muka garzaya asibiti, aka fara masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, muka yi ta zirga-zirga har aka kammala. Allah Ya kiyaye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar mai karen, da ya zo ba da haƙuri yana rantsuwa cewa shekara biyu ke nan karen bai taɓa leƙa ƙofar gida ba. A ganinsa wannan shaida ce ta kulawa. Ni kuwa a nan na hango tushen ɓarnar.

A Amurka da Ingila akwai wata sana'a da idan aka ba mutanenmu labarinta sai su yi dariya, wato gidan renon karnuka. Ma'aikaci zai kai karensa da safe, ya ɗauke shi da yamma, ya biya kuɗi. A can ake raba karnukan gwargwadon girma da hali, a sake su cikin fili su yi guje-guje, su huta, wani yana lura da su. A Ingila, tun shekarar 2018 doka ta wajabta wa mai irin wannan gida ya mallaki lasisi daga ƙaramar hukuma. Ni ma na yi dariyar a da. Da na duba dalilinsu sai na ga ba shagwaɓa ba ce zalla: sun lura cewa karen da ke wuni shi kaɗai a kulle shi ne mai haushi ba dare ba rana, mai tona ƙasa, mai yayyaga kaya, wani lokaci kuma mai cizo.

Sai dai ba sai na je Landan ba kafin in ga gaskiyar wannan. A Kebbe na gan ta, wurin dangin mahaifiyata, tun ina yaro. Idan aka kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, mafarauta kan fita da asuba da goruna da barandami, karnuka suna biye da su garke guda, na gidaje daban-daban. Kwikwiyo ba a koya masa farauta da bulala. Bayan manya yake bi, ya ga yadda ake shinshinar sawun zomo, yadda ake tare ramin gafiya, yadda ake komowa idan an yi fito. Idan ya yi wa babban kare rashin kunya, gurnani ɗaya ya ishe shi darasi. Da yamma waɗannan karnukan, da suka wuni suna kora da kamu, za ka same su kwance a gindin rumbu, kaji suna tsallake su, yara suna wasa kusa da su. Haka ma karen Fulani da ke bin shanu: ya san ɗan maraƙi, ya san ɗan gida, ya san baƙo.

Bayan abin da ya sami yaronmu, na koma Kebbe na tambayi wani dattijon mafarauci, abokin kawuna. Na ce, "Baba, me ya sa naku ba su cika cizon mutane ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kare gudu ne abincinsa na biyu. In ka hana shi, ƙarfin nan ba ya ɓacewa, haƙori yake komawa." Ya ƙara da cewa kwikwiyon da ya wuce wata uku bai saba da hannun mutane ba, da wuya ya yi daɗin sha'ani.

Wannan lissafi na wata uku ya ba ni mamaki, domin ya yi daidai da abin da masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, suka wallafa a 1965 bayan shekaru suna nazarin karnuka a jihar Maine ta Amurka. Sun gano cewa tsakanin mako uku zuwa kamar mako goma sha biyu da haihuwa ne kwikwiyo ke koyon wanda zai amince da shi da wanda zai ji tsoro. Abin da ya saba da shi a wannan tsakani, da shi zai rayu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma yawancin cizo daga tsoro yake fitowa. Karen da ke ɗaure ba shi da hanyar gudu, don haka duk wanda ya matso sai ya ɗauke shi abokin gaba.

Matsalar tsaro da ta addabi wannan yanki ta jawo abu biyu a lokaci guda. Shiga daji mai nisa ya zama kasada, farauta ta ragu. A cikin gari kuma mutane da dama sun koma ajiye kare don gadi. Sai a samo kwikwiyo, a ɗaure shi a bayan gida, a hana kowa kusantarsa, wai don ya yi zafi. Zafin yakan yi, amma zafi ne marar ido, wanda bai bambanta ɓarawo da almajiri ba. Mai gadin kirki shi ne wanda ya san mutanen unguwa har ya gane wanda ba nasu ba.

Na san wasu za su ce ina ruwan Musulmi da tarairayar kare. Malamanmu sun fi ni sani, amma abin da muka karanta a zaure shi ne an halatta ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma a mazhabar Malikiyya ba a ɗauki kare mai rai a matsayin najasa ba. Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka horar. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu kuwa, kowane ɗalibi ya san shi. Wanda ya ajiye dabba ya ɗauki haƙƙinta.

Ba ina kira a gina wa karnuka gidan reno a Tambuwal ba, alhali 'ya'yan mutane ma ba su samu ba. Abin da nake gani mai yiwuwa ya fi wannan sauƙi. Muna da samari 'ya'yan mafarauta da suka iya kare, kuma sana'arsu ta ja baya. Mai karen gadi zai iya ba ɗayansu ɗan abin hasafi ya riƙa fita da shi bayan sallar asuba zuwa fadama ko gonakin bakin gari, tare da wasu karnukan, sa'a ɗaya ko biyu. Sarkin baka ko shugaban mafarautan gari zai iya tsara wanda ya cancanta. Ba kowane kare ne zai shiga garke ba. Wanda ya tsufa a turke sai a fara da shi shi kaɗai, da igiya a wuya.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi, kuma gidajen renon Turai ma suna neman shaidarsa kafin su karɓi kare: rigakafi. Haɗa karnukan da ba a yi wa allura ba buɗe ƙofa ne ga ciwon hauka, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi arba'in cikin ɗari yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. A nan mafarautanmu ma suna da nasu sakacin, domin karensu yana haɗuwa da namun daji, kuma da yawa ba su taɓa kai shi wurin likitan dabbobi ba. Masana sun ce idan aka yi wa kashi saba'in cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana haɗa wannan allura, Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato kuma tana yaye likitocin dabbobi. Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe za su iya ware ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, su kira masu karnuka a filin kasuwa.

Maƙwabcinmu dai ya kai nasa an yi masa allura, bayan mun sa dattawan unguwa sun yi masa magana. Wani saurayi daga gidan mafarauta yana zuwa ya fita da shi da sassafe. Haushin dare ya ragu ƙwarai. Ɗan ƙanwata kuwa har yanzu ta ɗaya layin yake zagayawa idan an aike shi.