Yarinyar Da Ta Ƙi Tashi, Da Garin Da Ya Ƙi Shiga Mota

Kowane ƙarshen shekara samari da 'yan mata sukan ɗauki alkawarai. Wannan zai bar ƙarya, waccan za ta himmantu ga karatu. Kafin Fabrairu ya kama, da yawa sun manta. Ga labarin wata yarinya 'yar shekara 15 da mutanen garinsu, waɗanda suka ƙudura abu ɗaya, suka riƙe shi har kwana 381.

Sunanta Claudette Colvin, 'yar makarantar sakandare a birnin Montgomery, jihar Alabama ta ƙasar Amurka. A zamanin nan dokar garin ta raba mutane cikin motocin bas. Gaba na farar fata ne, baya na baƙar fata. In wurin Turawa ya cika, sai direba ya ta da baƙaƙe. Sau da yawa baƙin mutum yakan biya kuɗinsa a ƙofar gaba, ya sauka, ya zaga ya shiga ta baya. Alhali kuwa cikin kowane fasinja huɗu, wajen uku baƙaƙe ne.

Ran 2 ga Maris, 1955, Claudette tana komawa gida daga makaranta, sai direba ya ce ita da 'yan mata uku su tashi domin wata Baturiya. Ukun suka tashi, ita kuwa ta zauna, ta ce ta biya kuɗinta, tsarin mulkin ƙasa kuma ya ba ta iko ta zauna. 'Yan sanda biyu suka jawo ta waje, suka sa mata ankwa, suka kulle ta inda ake kulle manya. Uwarta da fastonsu suka je suka yi belinta. Kotu ta same ta da laifi. Shugabannin baƙar fata suka yi shawara, suka ga ta yi ƙanƙanta a kafa gwagwarmaya a kanta.

Bayan wata tara, ran 1 ga Disamba, aka kama Rosa Parks saboda irin wannan ƙin tashi. Ita ce mai kula da ƙungiyar matasan da Claudette take ciki. Ran 5 ga wata jama'a suka ƙaurace wa motocin. Da dare suka cika majami'ar Baptis ta Holt Street, suka yarda ba wanda zai ƙara shiga bas sai an gyara. Shugaban da suka zaɓa wani matashin fasto ne mai shekara 26, Martin Luther King.

Ƙauracewa ba ta bukatar sanda ko dutse. Mai saye ya riƙe kuɗinsa ne kawai, mai sayarwa kuwa ya ji a aljihunsa. Amma mai riƙewar shi ma yana shan wuya. Masu aikin gidajen Turawa, tsofaffi da 'yan makaranta suka riƙa tafiya a ƙasa cikin sanyin Disamba. Masu motoci wajen 300 suka shiga ɗaukar 'yan'uwansu, ikilisiyoyi kuma suka sayi motoci domin wannan hidima.

Shigowar shekara ta 1956 ita ce gwajin. Ikilisiyoyin baƙar fata na Amurka suna da al'adar yin sujada a daren sabuwar shekara, suna tunawa da daren 31 ga Disamba, 1862, sa'ad da kakanninsu suka kwana suna jiran shelar 'yanta bayi ta Shugaba Lincoln. Mutanen Montgomery suka shiga sabuwar shekara da alkawarinsu na dā, ba su nemi sabo ba. A watan Janairu kamfanin motocin ya ƙara kuɗin mota saboda hasara. Ran 30 ga watan aka jefa bom a gidan King, matarsa da jaririyarsu suna ciki, amma ba su ji rauni ba. King ya roƙi taron da ya fusata kada kowa ya rama.

A nan ne aka sake tunawa da Claudette. Lauya Fred Gray ya kai ƙara kotun tarayya da sunan mata huɗu, ita tana cikinsu, tare da wata budurwa, Mary Louise Smith. Claudette, tana da shekara 16, ta tsaya gaban alƙalai uku ta ba da shaida. A watan Yuni kotu ta ce dokar rabuwar ta saɓa wa tsarin mulki. Kotun Ƙoli ta tabbatar ran 13 ga Nuwamba. Ran 21 ga Disamba, 1956, jama'a suka koma shiga bas, kowa ya zauna inda ya ga dama. Laifin da aka rubuta wa Claudette kuwa sai a 2021 aka share shi, tana da shekara 82.

Iyaye, idan ɗanku ko 'yarku ta ce ba za ta ƙara sayen wani abu ba saboda ana cutar mutane ta wurinsa, kada ku yi saurin cewa ƙuruciya ce. Daniyel saurayi ne sa'ad da ya ƙi abincin sarkin Babila. Ku tambaye ta: wa ake cuta, ta ina ta sani, wane gyara take nema? Mutanen Montgomery sun san amsar ukun nan.

Ku kuma matasa, alkawari ɗaya ya isa a wannan shekara. Ku lissafta abin da zai ci muku tun da wuri, ku faɗa wa mutanen gida da 'yan'uwa a ikilisiya, gama mai tafiya shi kaɗai yakan gaji da sauri. Ku yi shi ba zagi, ba ramuwa, ku kuma roƙi Ubangiji ƙarfin riƙe shi har Disamba mai zuwa.